Ziyarar masana'antar giyar shinkafa a Kobe: muhawarar da ta ɓarke a zaure

Bashir (Kobe): Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun da na ɗora hotunan ranar Asabar ake ta aiko mini da saƙo ta bayan fage, wasu tambaya, wasu faɗa. Gara in yi bayani a nan kowa ya gani. Malaminmu na sashen aikin gona ne ya kwashe mu zuwa yankin Nada, bakin teku tsakanin Kobe da Nishinomiya, inda ake yin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na giyar shinkafar ƙasar Japan. Mun shiga wata ƙaramar masana'anta da ke kan aiki, daga nan muka wuce gidan tarihin kamfanin Hakutsuru, wanda aka kafa tun 1743. Ban sha ba, ban ɗanɗana ba, ban sayo wa kowa ba. Amma na buɗe ido na buɗe kunne, kuma abin da na gani ya fi ƙarfin hoto.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Bashir, kai ɗan gidan mutunci ne, shi ya sa zan faɗa maka a fili. Hadisin da ya yi maganar giya bai tsaya kan mai sha ba. Mutum goma aka la'anta a kanta, har da mai matsa ta, da mai ɗaukarta, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta. Me ya kai ka inda ake matsa ta?

Bashir (Kobe): Allah gafarta Malam, a cikin goman nan ban ga mai kallo ba. Kuma darasi ne na makaranta, an ce mu rubuta rahoto a kai.

Malam Habu: Ba ka ga mai kallo ba, amma ai ka san an hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya. An yi ɗanɗano a wurin ko ba a yi ba?

Bashir (Kobe): An yi, a ƙarshe, a ɗakin sayar da kaya. Ni da wani ɗan Indunusiya muka fita waje muka jira su. Ba wanda ya ce mana uffan, domin su ma duk wanda zai tuƙa mota ba sa ba shi, haka wanda bai kai shekara 20 ba.

Maman Ilham: Ku bar yaro ya ba mu labari mana. Ni dai wannan dunƙulen ganyen da ke rataye a bakin ƙofa nake son a faɗa mini ko mene ne. Laya ce?

Bashir (Kobe): Mama, ganyen wani icce ne da suke kira sugi, ake ɗaure shi a aske shi ya zama kamar ƙwallo. Ana rataye sabo, kore shar, idan an tace giyar farko ta shekara. Yana bushewa yana komawa ruwan ƙasa, masu wucewa suna gane cewa abin da ke ciki yana ƙara nuna. Asalinsa kuwa daga wurin bautar Omiwa ne a yankin Nara, don haka ba zan rantse cewa babu addininsu a ciki ba.

Malam Habu: To ka ji. Ga giya ga tsafi.

Bashir (Kobe): Wannan gaskiya ne Malam, ban ɓoye ba. A cikin masana'antar ma akwai ɗan katakon bauta a sama kusa da rufi, kuma masu wannan sana'a suna girmama wurin bautar Matsuo da ke Kiyoto. Amma a Japan har a gidan sayar da kifi ko kantin shinkafa za ka tarar da irin wannan katako. In don shi ne, ba inda zan shiga sai masallaci.

Dakta Zainab: Ni fa abin da nake jira ke nan, ka bar mana zancen ƙofa ka shiga ciki. Ka ga ɗakin da suke renon funfuna a jikin shinkafa?

Bashir (Kobe): Ta gilashi kawai, Dakta. Kuma ga abin da zai ba ki dariya: tun mako guda kafin tafiyar aka aiko mana da gargaɗi cewa ranar kada wanda ya ci natto, wannan waken nasu mai yauƙi da suke karyawa da shi. Aka ba mu farar riga da hula, muka canza takalmi, muka wanke hannu kamar masu shiga ɗakin tiyata.

Dakta Zainab: Ba abin dariya ba ne, suna da hujja. Ƙwayar bakteriyar da ke ruɓar da waken natto ita ce Bacillus subtilis, kuma ita ɗin ce dai take mayar da kalwa daddawa a gidajenmu. Tana da taurin rai, tafasa ba ta cika kashe 'ya'yanta ba, kuma tana son irin ɗumi da laimar da ke ɗakin nan. In ta shiga, za ta riga funfunar cinye shinkafar, aikin ya lalace. Wato Bashir, da ka sha miyar kuka mai daddawa da safen nan, kai ma da haɗari ne a gare su.

Bari in yi wa sauran bayani, don abin yana da ban sha'awa ga mai karatun ƙananan halittu. Yis, wanda shi ke samar da barasa, ba ya iya cin sitaci, sai sukari. Inabi yana da sukarinsa. Masu burukutu da masu giyar Turawa suna jiƙa hatsi ne ya yi tsiro, tsiron ya mayar da sitaci sukari. To shinkafar da aka goge ba ta tsirowa, an riga an cire mata ido. Sai Japanawa suka nemi wata funfuna, Aspergillus oryzae, wadda suke kira koji. Ana turara shinkafa, a shanya ta a ɗaki mai zafin digiri 30 ko sama kaɗan, a barbaɗa mata irin funfunar, a yi ta juya ta da hannu dare da rana har kusan awa 48. Funfunar ta huda cikin ƙwayar, ta fitar da sinadarin da ke narkar da sitaci. Sai a haɗa ta da ruwa da yis da ƙarin shinkafa. A ganga ɗaya, a lokaci ɗaya, funfuna tana yin sukari yis yana cinyewa. Shi ya sa ƙarfin barasar giyar yake iya kaiwa kashi 20 cikin 100 ba tare da an tace ta da wuta ba, kafin a sirka ta da ruwa ta dawo wajen 15.

Isuhu Maraɗi: Dakta, kin ba mu hanyar yi ke nan. Malam zai ce ke ma kin shiga goman.

Dakta Zainab: Isuhu ka kiyaye ni. Wannan funfunar ita ce ake yin miso, wato ruɓaɓɓen waken da suke miya da shi, da ruwan waken soya da ita, abincin da Bashir yake ci kullum. Kuma yana cikin kowane littafin ɗaliban fanninmu.

Bashir (Kobe): Haka ne Dakta, kuma ba a zuba shinkafar gaba ɗaya. Sau uku ake zubawa cikin kwana huɗu: a zuba kaɗan ranar farko, rana ta biyu a bar shi ya huta don yis ya yi yawa, sai a ƙara rana ta uku, a cike rana ta huɗu. Daga nan a jira mako uku zuwa wata guda ko fiye. Mun leƙa wata ganga, kumfa tana ta motsi tana ƙara a hankali. Sun hana mu sunkuyawa sosai, wai iskar da ke tashi daga ciki tana iya sumar da mutum ya faɗa, kuma an sha rasa ma'aikata ta haka.

Injiniya Lawal: Ni tambayata kan shinkafar ce. A hoto na uku na ga ƙwayoyi fari fat, zagayayyu kamar dutsen ado. Wane irin casa ne wannan?

Bashir (Kobe): Yaya, nan ne ka yi rashin zuwa. Irin shinkafar daban ne, ba ta ci ba ce. Wadda aka fi ji da ita sunanta Yamada Nishiki, a nan jihar Hyogo aka samar da ita, aka raɗa mata suna a 1936. Ƙwayarta babba ce, tana da farin sitaci a tsakiya, karanta dogo ne har iska tana kayar da shi, shi ya sa nomanta ke da wuya. Shinkafar ci ana goge mata kamar kashi 10 cikin 100. Wannan kuwa, in giya mai daraja ta biyu za a yi da ita sai an goge har abin da ya rage bai wuce kashi 60 ba, mai daraja ta farko kashi 50 ko ƙasa. Akwai kamfanin da ke jihar Yamaguchi, masu giyar Dassai, da suke gogewa har saura kashi 23. Maiƙo da furotin ɗin da ke bayan ƙwayar su ne suke ɓata musu ɗanɗano.

Injiniya Lawal: Innalillahi. Mu a masana'antarmu in buhun shanshera ya ba da ƙasa da abin da aka saba, sai an kira ni ofis. Su kuma da gangan suke zubar da rabi. Amma a matsayina na mai injin, abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda ƙwayar ba ta karyewa. Guga yana kawo zafi, zafi yana busar da ita, ta tsage. Dole a hankali suke yi.

Bashir (Kobe): A hankali ƙwarai, kaiwa rabi yana cin wajen kwana biyu injin yana juyawa. Bayan nan a ajiye ta makonni ta huce ta sha iska kafin a wanke. Garin da aka goge kuma ba a zubarwa, ana yin biskit ɗin shinkafa da abincin dabbobi da shi.

Sadiya (Hiroshima): Injiniya, duba jikin injinanku da kyau, in ka ga an rubuta Satake to daga garin da nake zaune suka fito. Saijo, a gabashin Hiroshima, shi ma garin masu wannan giya ne, dogayen bututun hayaƙinsu na jan bulo suna nan jere kusa da tashar jirgin ƙasa. Riichi Satake ya ƙera injin casar shinkafa mai aiki da inji na farko a Japan a 1896, kuma masu giyar garin ne abokan cinikinsa na farko. Daga nan kamfanin ya bazu duniya.

Injiniya Lawal: Wallahi injin da ke tsince mana baƙar ƙwaya da tsakuwa nasu ne. Ban taɓa sanin tushensa ba.

Isuhu Maraɗi: Malam Habu, yaya ke nan? Tuwon shinkafar sallah ya bi ta injin da aka ƙirƙiro don masu giya.

Malam Habu: Isuhu, wasa da hankali ne wannan. Injin halal ne, shinkafa halal ce. Alƙur'ani da kansa ya ce akwai wasu amfanoni a cikin giya ga mutane, sannan ya ce zunubinta ya fi amfaninta girma. Ban ce babu ilimi a wurin ba. Abin da nake tsoro shi ne sabo. Yau ka kalla da sha'awa, gobe ka yaba, jibi ƙyamar ta fita daga zuciya. Kuma a zauren nan akwai yara 'yan shekara sha takwas da suka fito karatu bana.

Maman Ilham: Wannan kam Malam ya faɗi gaskiya. Ɗana yana cikin zauren nan.

Baba Alhaji: Ina karantawa tun ɗazu. Malam Habu, nasiharka ta isa inda aka aike ta, Allah ya saka. Bashir ɗana, hoton da ke nuna kwalabe jere a cire shi, sauran a bari. Ni kuma ina da tawa tambayar. Su wa ke wannan aikin? Masu gidan ne da 'ya'yansu?

Bashir (Kobe): An cire, Baba. Tambayarka ita ce ta fi taɓa ni a duk ziyarar. A al'adance mai gidan ba ya yin giyar da hannunsa, shi dai jari da suna da ciniki. Masu yi manoma ne 'yan cin rani. Idan an girbe shinkafa, sanyi ya shigo, dusar ƙanƙara ta rufe gonaki, sai mazan ƙauye su ɗaure kaya su tafi masana'antu ƙarƙashin wani shugaba da ake kira toji, su yi kusan rabin shekara ba su ga iyalinsu ba, su koma gida lokacin shuka. Kowane yanki da ƙungiyarsa da salon aikinsa: na Tamba su ne ke saukowa Nada, akwai na Nanbu a Iwate, akwai na Echigo a Niigata. Yaro yana farawa ne da dafa wa ma'aikata abinci da wanke ganguna, ya yi shekaru kafin a bar shi ya taɓa funfuna.

A gidan tarihin an jera mutum-mutumi daidai girman mutane suna nuna kowane mataki, ga gangunan katako da sai da tsani ake hawa. Akwai wani aiki da ake yi cikin tsakar dare a tsananin sanyi, mutane suna dama shinkafa da dogayen sanduna. Ba su da agogo, da waƙa suke auna lokaci, in an kai baiti kaza an san an dama daidai. Har ana cewa rabin albashin ma'aikaci na waƙa ne. Yanzu injin sanyaya ɗaki ya sa manyan kamfanoni suna yi duk shekara, matasan ƙauye kuma sun daina zuwa, sai ma'aikatan dindindin ko 'ya'yan masu gidan suka karɓi aikin.

Sadiya (Hiroshima): Kuma da can mace ba ta taka ƙafa cikin wurin ko kaɗan. Yanzu a jiharmu akwai Miho Imada, mace ce toji kuma ita ke riƙe da masana'antar gidansu, har BBC ta sa ta cikin mata 100 na shekarar 2020.

Dakta Zainab: Me ya sa Nada ta fi sauran wurare? Shinkafar ce kawai?

Bashir (Kobe): Ruwa ne kan gaba, don kusan kashi 80 na abin da ke cikin kwalba ruwa ne. Labarin da suke bayarwa shi ne na wani attajiri, Yamamura Tazaemon, mai masana'anta biyu, ɗaya a Uozaki ɗaya a Nishinomiya. Kullum ta Nishinomiya ta fi kyau. Ya sauya ma'aikata, bai ga canji ba. A 1840 sai ya sa aka yi jigilar ruwan rijiyar Nishinomiya zuwa Uozaki, nan take aka ga bambanci. Ruwan yana gangarowa ne ta ƙarƙashin ƙasa daga duwatsun Rokko, yana da sinadaran da yis ke so, ga ƙarancin ƙarfe, wanda shi ke ɓata launi. Har yau rijiyoyin suna nan a killace a tsakiyar gari, kuma in za a yi babban gini a kusa sai an duba kada a taɓa jijiyar ruwan. Ƙari a kan haka, kogunan da ke saukowa daga dutsen sun juya musu injinan casa na ruwa, iskar hunturu mai sanyi ta huce musu shinkafa, ga teku a bakin ƙofa, jiragen ruwa suna kwasar ganguna zuwa Edo, wato Tokiyo ta yau. Fushimi da ke Kiyoto, inda kamfanin giya na Gekkeikan yake tun 1637, ruwansu mai laushi ne, sai tasu ta fita daban.

Dakta Zainab: Ka manta ɗaya da mu muke koyarwa. Suna ɗumama giyar zuwa wajen digiri 60 don kada ta lalace, kuma akwai wannan a rubuce a kundin wasu masu bauta na Nara tun ƙarni na 16, kusan shekara 300 kafin Louis Pasteur ya bayyana dalilin da ya sa hakan ke aiki.

Isuhu Maraɗi: Ni fa ina da shakka kan wannan zancen gado. Ba talla ba ce kawai? In kasuwa tana ci, wa ke da lokacin zagayawa da ɗalibai?

Bashir (Kobe): Ka taɓo wani abu. Shan giyar shinkafa a Japan ya kai ƙololuwa a 1973, yanzu bai kai kashi ɗaya cikin uku na wancan ba, matasa sun koma wasu abubuwan sha. Masana'antun da a da suka haura 4,000 yanzu dubu da 'yan ɗari ne suka rage. Don haka buɗe ƙofa ga baƙi da neman kasuwar waje duk neman tsira ne. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a ta funfunar koji cikin jerin al'adun gado na duniya, kuma ba shakka sun yi murna ne har da lissafin ciniki. Gwamnati ma ba yau ta fara sa ido ba: wajen 1900 harajin giya ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin harajin ƙasar, kuma a 1899 aka haramta yin ta a gida.

Sai dai ba zan ce duka talla ba ce. Girgizar ƙasar 17 ga Janairu 1995 ta rusa mafi yawan tsofaffin gine-ginen katako na Nada. Gidan tarihin Kiku-Masamune, kamfanin da ya faro a 1659, ya rushe, suka tono tsofaffin kayan aikin daga cikin ɓaraguzai ɗaya bayan ɗaya, suka sake gini suka mayar da su. Bokitin katako da ba zai ƙara kawo ko sisi ba. Mai neman riba kaɗai ba ya wannan wahalar.

Malam Habu: Tunda ka ambaci girgizar, ka faɗa musu abin da bai rushe ba a garin.

Bashir (Kobe): Masallacin Kobe, Malam. An gina shi a 1935, shi ne mafi daɗewa a Japan, ya tsallake ruwan bama-baman 1945 ya tsallake girgizar. Can nake Juma'a.

Malam Habu: To hotonsa muke so mako mai zuwa. Ni ban sauya ra'ayi ba, wanda makaranta ba ta tilasta masa ba kada ya je.

Sadiya (Hiroshima): Ni a ganina haɗarin da ya fi kusa da mu ba a masana'anta yake ba, a kanti yake. Wanda bai taɓa zuwa Nada ba yana iya cin barasa a abinci kullum bai sani ba. Mirin, wanda suke zubawa a miya da gashin kifi da nama, na asalin yana da barasa wajen kashi 14. Akwai giyar girki da ake sa wa abinci kamar yadda muke sa gishiri. Dusar da ta rage bayan an matse giyar ana yin miya da ita, ana tsima kayan lambu a ciki. Abin shan nan mai zaƙi, amazake, iri biyu ne: na shinkafa da funfuna zalla ba shi da barasa, na dusar giya yana da ita. Sabbin zuwa ku haddace wannan harafin, 酒, mai nufin giya, ku duba bayan kowace leda kafin ku biya. Ruwan waken soya ma sau da yawa ana ƙara masa barasa don kada ya lalace, amma akwai mai tambarin halal a shagunan Musulmi da ta intanet.

Maman Ilham: La ilaha illallahu. Sadiya, wanda ɗana ya kawo mini tsaraba na yi ta zubawa a soyayyar shinkafa fa? Bari in ɗauko kwalbar in turo miki hoton bayanta ki karanta mini.